Fili a Tsakiyar Kiɗa

Ni ɗan fari ne, kuma gidanmu gidan Fulani ne, ko da yake saniyar ƙarshe da muka mallaka an sayar da ita tun kafin a haife ni. Shanu sun tafi, Fulatanci ma ya tafi, sai 'yan kalmomin da kakata ke zagi da su. Amma fulako yana nan daram a gidanmu na Zaitawa. Saboda haka na tashi mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma ƙina yake yi ba. Haka aka yi masa, haka ya yi mini. In yana nemana sai ya ce da wani, "Ina wancan?" In na shigo zaure yana ciki, sai ya sami abin dubawa a bango. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, ita ta raine ni, ita ce kuma mai kirana in na daɗe a waje.

Mutane da yawa a unguwarmu haka suka tashi, ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Ni kam abin ya tsaya mini a rai. Ina son in ji sunana daga wurin Baba, ko da sau ɗaya ne. Na haura shekara talatin, ina da mata da 'ya'ya, ina koyarwa a firamare, amma wannan kwaɗayin bai sake ni ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don na san dariya za a yi mini.

Baba tsohon ɗan sanda ne, kuma duk aikinsa a badujala ya yi shi. Abin busarsa turombon ne, dogon ƙahon nan na tagulla da ake turawa gaba ana janyowa baya. A cikin birni kuwa mai busa maroƙi ne, komai kyan rigarsa, kuma dangi sun daɗe suna gunagunin cewa jikan makiyaya ya koma ɗan kiɗa. Baba yana da amsa guda ɗaya, ba ya sauya ta. Yakan ce shi ba maroƙi ba ne, karatu yake yi. A ajiye masa takarda, ya karanta abin da ke ciki, ya busa shi yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi. Maroƙi shi ne mai duban fuskar mutum ya ƙago abin da zai busa masa. Da wannan takardar ya kare mutuncinsa shekara da shekaru, har maƙwabta suka haƙura suka koma ce masa Saje kawai.

Da ya bar aiki, sai shi da wasu tsofaffin 'yan badujala suka haɗa ƙungiyar kiɗan jaz. Akwai tsofaffin sojoji biyu, akwai samari masu busa a coci daga Sabon Gari, akwai malaman makaranta. Mun kusa ashirin in kowa ya zo, kuma kowa bai cika zuwa ba. Ni na koyi busa bigila mai maɓallai uku a kwalejin horon malamai, ban gaya wa gida ba. Wanda ya tona ni shi ne aminin Baba, wani Babarbare mai busa saksofon, da suka yi aiki tare tun suna samari. Ni Kawu nake ce masa. Shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, yadda Fulani da Barebari suka saba. Shi ya ja ni ya kai ni wurin gwaji ya zaunar da ni. Baba bai juyo ba. Da aka tashi ya ce da Kawu, "A gaya wa wancan ba a zuwa nan a makare." Na koma gida ranar nan kamar an ba ni kujerar Makka.

A wani tsohon sito muke gwaji, kusa da Ƙofar Ruwa, a bayan masu sayar da rodi da kwanon rufi. Da gangan aka zaɓi wurin. Inda ake saran ƙarfe daga safe har yamma, babu mai kawo ƙarar cewa an dame shi da busa. A da fatu ake ajiyewa a ciki, kuma in damina ta yi nisa warin yakan taso daga bango ya haɗu da ƙamshin man goge tagulla. Gwarare sun yi sheƙa a rufin. Bayan la'asar muke farawa, kuma da an kira magariba muke yankewa ko da a tsakiyar waƙa ne, samarin Sabon Gari su zauna gadin kaya mu je masallacin 'yan ƙarfe. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai a bakin ƙofa da ta haddace waƙoƙinmu kaf, in mun yi kuskure mukan ji ta daga waje tana cewa, "A'a, ba haka ba ne." Ban taɓa zama a wurin da na so kamar siton nan ba.

A irin wannan ƙungiya, masu saksofon ne a layin gaba, masu turombon a tsakiya, masu bigila a baya. Sai ya zamana kujerata tana bayan ta Baba daidai. A gida ban isa in zauna kusa da shi haka ba. Nan kuwa ga shi a gabana, in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa. Na san ƙeyarsa fiye da yadda na san fuskarsa. Na san yadda kafaɗunsa ke ɗagawa in zai ja numfashi, har na koma ina jan nawa tare da nasa, kuma mutane suna yabon yadda muke shiga tare kamar baki ɗaya ke busawa. Wannan ita ce hirarmu, ni da shi, kuma wani Bature da ba mu sani ba ne ya rubuta mana ita a takarda.

Muna nan a haka shugabanmu ya tsufa, ido ya ƙi, aka nemo wani ya gaje shi. Malamin kiɗa ne a wata kwaleji, ya yi karatu a waje, saboda haka muka riƙa ce masa Malam. Bahaushe ne, amma ɗan bariki, a kwatas ɗin 'yan jirgin ƙasa ya girma. Mutum ne mai kirki da zafin nama, irin wanda in abu ya burge shi sai ya ga laifin duk wanda bai burge ba. Wata rana ya zo da rediyo mai kaset, ya ce mu saurara. Muka saurara. Da farko kiɗa ne sak irin namu. Can sai abu ya wargaje, kowa ya kama gabansa, wannan na kuka, wancan na gurnani, kamar an saki awaki a shagon tinka.

Kawu ya ce, "Malam, kaset ɗin nan ya naɗe, a kawo biro."

Malam ya ce, "Bai naɗe ba, haka aka yi shi. Babu takarda a nan. Kowa yana sauraron ɗan'uwansa, yana busa abin da ya zo masa a lokacin. Irinsa nake so mu yi."

Ya raba mana sabuwar waƙar da ya rubuta da kansa. Farkonta a rubuce, ƙarshenta a rubuce, tsakiyarta kuwa fari fat. Ya ce wannan farin shi ne fili, in mun iso nan kowa ya sake. Ni kuma ya ba ni wani aiki na daban. Ya rubuta mini wata 'yar gajeriyar busa mai tsini, ya ce ita ce ƙofa. In ya ga filin ya isa, zai ɗaga hannu ya dunƙule, ni kuma in busa ta, kowa ya ji ya dawo kan takarda.

Ranar da muka fara gwadawa, har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Muka taso tiryan-tiryan, kowa ido a takarda, har muka iso filin. Malam ya buɗe hannuwa ya ja da baya. Sai tsit. Kowa da ƙaho a baki, babu wanda ya hura. Na ga masu saksofon suna waiwayowa a hankali suna duban Baba, domin shi ne babbanmu a shekaru. Ɗayansu ya sauke nasa, ya ɗan russuna ya ce, "Bismilla, Baba Saje." Baba ya ɗora turombon a cinya, ya kafa wa farar takardar ido. Da aka ga haka sai aka juya wurin Kawu, aka ce masa bismilla. Shi kuma ya ce ai akwai tsohon soja a baya da ya girme shi da wata biyu. Haka muka yi ta miƙa wa juna bismilla kamar an ajiye kwanon tuwo, har Malam ya ɗora hannu a ka.

Ya ce, "Jama'a, ba liyafa ba ce. Babu babba babu yaro a filin nan."

Aka sake tasowa. Wannan karon Kawu ya daure ya busa wani abu gajere. Yana sauke baki sai duk muka maimaita abin da ya busa, daidai wa daida, kamar 'yan amshi. Ya sake busa wani, muka sake amsawa. Mu a ganinmu mun yi ƙoƙari. Malam ya zauna a kan akwatin ganga, ya ce mu ajiye kayan mu ji.

Ya ce, "Kuna zama a majalisa da yamma, ko? Wa ke rubuta muku abin da za ku faɗa? Wannan ya kawo zance, wancan ya katse shi, wani ya yi dariya, wasu biyu su ware suna tasu hirar. Kuma ba a rasa gane juna. To shi nake nema, hira."

Kawu ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Sai dai kowa da majalisar tsaransa. Ka taɓa ganin wanda ke zama majalisa ɗaya da ubansa?"

Aka yi dariya, wasu suka saci kallona. Malam ma ya yi dariya, amma na lura bai gane inda maganar ta dosa ba. Baba kuwa sai a nan ya yi magana, cikin ladabi, yadda yake yi wa duk wanda ke gaba da shi a aiki ko da ya haife shi. Ya ce, "Malam, duk abin da ka rubuta zan busa maka, komai wuyarsa. Abin da ba a rubuta ba, a yi mini afuwa."

Haka aka ci gaba. Samarin Sabon Gari ne suka fara sakin jiki, sai mai ganga, sai sauranmu ɗaya bayan ɗaya. Da farko hayaniya ce zalla, kowa na son a ji shi. Sannu a hankali muka gane cewa rabin aikin yin shiru ne. Ka ji wani ya ɗauko abu, ka bi shi, ko ka saɓa masa, ko ka bar masa wuri. Wata rana sarar ƙarfen da ake yi a waje ta shigo mana, mai ganga ya kama ta, muka bi shi gaba ɗaya, har tsohuwa mai ƙosai ta leƙo ta ce yau kuma wace waƙa ce wannan. Na fara son filin fiye da waƙar kanta. Kuma zan faɗi gaskiya, duk abin da nake busawa a ciki, mutum ɗaya nake yi wa. Bakin bigilata yana saitin ƙeyarsa. In yi tambaya, in yi shagwaɓa, wani lokaci in yi tsiwar da ban isa in yi da baki ba. Shi kuwa yana zaune da turombon a cinya, yana jiran in busa ƙofa ya ɗaga.

Da Malam ya ga an fara kama hanya, sai ya ce za a riƙa yi bibbiyu, don kowa ya koyi sauraro. Ya haɗa mai ganga da Kawu, suka yi, aka tafa. Ya haɗa wasu. Sannan ya juyo da fara'arsa ya ce, "Baba Saje, yau dai sai ka taimake ni. Ga ɗanka nan a bayanka. Juyo da kujerarka ku fuskanci juna, ka yi masa magana ya ba ka amsa. Wa ya fi uba da ɗa sanin juna?"

Ban taɓa jin siton nan ya yi shiru irin na ranar ba. Ni na sunkuyar da kai. Baba kuwa bai juya kujerarsa ba. Ya zare bakin turombon ya goge da ƙyalle, ya raba ƙahon biyu, ya shimfiɗa a akwati, ya rufe. Ya ce, "A tashi lafiya," ya fita. Ko sauri bai yi ba.

Ina da zuciya, kowa ya sani, kuma ranar nan ta motsa. Ana tashi na tare Malam a bakin ƙofa.

Na ce, "Malam, don Allah a wane gari aka haife ka?"

Ya ce, "Me na yi?"

Na ce, "Ni ɗan fari ne. Mutumin nan bai taɓa kallon tsabar idona ba. Ka ce ya juyo ya fuskance ni a gaban jama'a, kuma ya yi abin da ya shekara talatin yana cewa ba ya yi. Kunya biyu ka haɗa masa a lokaci ɗaya."

Ya ce wallahi yana jin labarin al'adar, amma ya ɗauka ta mutu tun zamanin kakanni. Na ce masa ta mutu a kwatas, a Zaitawa tana nan da ƙafafunta. Ya ba ni haƙuri har na ji nauyinsa, domin ba mugunta ya yi ba. Sai dai haƙurin bai mayar da Baba kan kujerarsa ba.

Makonni suka wuce bai zo ba. Gida ɗaya muke, ni da iyalina a sashen baya. Kullum da safe nakan durƙusa a ƙofar ɗakinsa in gaishe shi, ya amsa wa labule, in tashi. Akwatin turombon yana can saman kwaba, na hango an ɗora masa buhun tsofaffin kaya. A sito kuwa babu wanda ya yarda ya zauna a kujerarsa. Nakan ja numfashi in shiga ni kaɗai, kuma sau da yawa nakan shiga a makare. Na ji haushin Malam, na ji haushin filin, na ji haushin kaina da na so shi. A da ina da ɗan abin da nake da shi, yanzu kwaɗayin ƙari ya sa na rasa duka. Ba kuma yadda zan yi in je in ce masa ya dawo.

Kawu ne ya je. Wata Juma'a bayan an sauko ya zo gidanmu, suka zauna a zaure, ni kuma ina soron ciki ina gyaran keken ɗana, ina jin su.

Kawu ya ce, "Bawana, ashe haka kake da tsoro? Kakanninka sun kwana a daji da kuraye, kai kuma ɗan filin da bai kai tafin hannu ba ya kore ka."

Baba ya ce, "Babarbare, in cin abinci ya kawo ka, ka faɗa a kawo maka."

"Shi ma zan ci. Amma kwalejin Malam za su yaye ɗalibai, an gayyace mu. Yaran nan masu turombon in ba ka nan kamar tumakin da ba makiyayi suke. Kana so a ce ƙungiyar Saje ta je ta yi abin kunya?"

Baba ya ce, "Ba zan juya kujera ba."

"Ba wanda zai sa ka."

"Ba kuma zan busa a filin ba."

"Ka yi barci ma a ciki in ka ga dama. Ɗan bawana zai tashe ka in an zo ƙofa."

Ranar gwaji ta gaba na shiga sito na tarar da shi zaune, ya riga kowa zuwa, yana shafa wa ƙahon mai. Malam ya je ya durƙusa har ƙasa zai yi magana, Baba ya ce, "Malam, a fara, lokaci na tafiya." Ba a sake tayar da zancen ba.

Bikin da yamma aka yi shi, bayan la'asar, a farfajiyar kwalejin, an kafa rumfuna. Iyaye sun cika wuri, mata da mayafai kala-kala, yara na yawo da ledar ruwa. Mun sa fararen kaftani iri ɗaya da Kawu ya dage sai an ɗinka. Muka yi waƙoƙin da aka sani, aka ji daɗi. Sannan Malam ya ce da jama'a yanzu za su ji abin da ba a taɓa yi ba, ba kuma za a sake yin irinsa ba, ya juyo ya ɗaga hannu.

Muka iso filin. Mai ganga ya fara da ɗan shafa fata kawai, Kawu ya shigo a ƙasa-ƙasa, wani yaro mai bigila ya tsokane shi, aka fara. Ban san me ya same ni ranar ba. Wataƙila murnar ganin mutum a kujerar gabana ce, wataƙila makonnin nan da na yi ina haɗiye magana ne. Na rufe ido na shiga, kuma ban sake sanin inda nake ba. Na busa zaman da nake yi a bayansa, na busa gaisuwar labule, na busa abubuwan da ban san ina ɗauke da su ba. Daga baya aka gaya mini cewa sauran sun yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya har ya rage saura ni kaɗai. Malam ya ɗaga hannu ya dunƙule, ban gani ba. Ya sake ɗagawa, ya yi ta kaɗa shi, idona a rufe. Ni mai ƙofa na ɓace a cikin fili, babu kuma wanda zai dawo da su sai ni. Jama'a sun fara kallon juna. Na kusa da ni ya ce ya so ya taɓa ni, amma ya ji tsoron kada in firgita in yi ɓarna.

Ina cikin haka na ji an kira sunana.

Gaɓa uku ne. Ta farko a ƙasa, ta biyu ta hau, ta uku ta hau ta gangaro tana ja, yadda ake yi in ana kiran yaro daga nesa magariba ta gabato. Duk Bahaushe ya san kalangu na magana, algaita na magana. Ban taɓa tunanin turombon zai yi ba, sai ranar. Babu wani harafi a ciki, amma ko a cikin barci aka yi mini wannan kiran zan san ni ake nufi. Kuma ba sunan da abokai ke gutsurewa ba ne, cikakkensa ne na ranar suna.

Ban yi shawara da kaina ba. Na cire bigila daga baki, na ce, "Na'am."

Da ƙarfi na faɗa, kuma wurin shiru, ga lasifika a gabana. Har rumfar ƙarshe an ji. Na buɗe ido na ga Baba yana sauke ƙahon daga bakinsa, bai juyo ba. Jama'a suka fashe da dariya suna tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Kawu ya sunkuya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Sai a lokacin na hango hannun Malam a sama a dunƙule. Na mayar da bigila na busa ƙofa, kowa ya dawo kan takarda. Ban ga ko layi ɗaya na ƙarshen waƙar ba saboda hawaye, da ka na busa shi.

Na sha juya abin a raina. Na san Baba mutumin aiki ne, ba zai iya zama yana kallo waƙa ta rushe a gaban jama'a ba. Ba zai iya juyowa ba, ba zai iya buɗe baki ba, sai ya yi da abin da ke hannunsa. Wannan gaskiya ne. Amma da ya so, da ƙara ɗaya mai ƙarfi ta isa ta farkar da ni. Da ya so ma, da ya busa ƙofar da kansa, ya ji ta sau ba adadi. Sunana ya zaɓa, kuma bai yi laluben muryarsa ba, sau ɗaya ya busa ya fita daidai. Ashe duk shekarun nan yana nan a bakinsa.

Muna haɗa kaya a bayan rumfa Malam ya zo da sauri, fuska cike da murna, da fensir da takarda a hannu. Shi bai ji suna ba, busa mai daɗi ya ji.

Ya ce, "Baba Saje, abin nan da ka yi, shi nake nema tun farko. Don Allah sake busa mini shi in rubuta. Mu sa shi a waƙar, kullum in an zo wurin ka yi shi, shi kuma ya ce na'am."

Ina tsaye riƙe da akwatina ina jin su. Wallahi na so ya ce to. Na so a rubuta shi, in riƙa ji duk mako har ƙarshen rayuwata.

Baba ya ci gaba da goge ƙahonsa. Ya ce, "Na manta shi, Malam."

"Gaɓa uku ne kawai, Baba. Ka ɗan tuna."

Kawu ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskar amininsa, ya fasa. Baba ya rufe akwati, ya danna maƙullan biyu, ya miƙe. Yana duban wani wuri can gefen rumfa ya ce, "Kira ne, Malam. Ai ya amsa."

Ya yi shekaru bayan nan yana zama a gabana, yana ɗora ƙahon a cinya in an zo fili, har ƙarfinsa ya ƙare, ƙungiyar ma ta watse. Bai ƙara kirana ba, da baki ko da ƙaho, har Allah ya karɓi abinsa. Ni ma ban ƙara jira ba.